Meep a Aikin Zinariya da Azurfa: Ƙwaya Nawa, Tazara Nawa Take Iya Ɗauka

Meep manhaja ce ta kyauta da ake lissafa tafiyar haske da ita a kwamfuta. Ta fito daga jami'ar MIT ta Amurka, daga rukunin binciken su Steven G. Johnson, kuma takardar da ta bayyana yadda aka gina ta ta fito a 2010. Hanyar da take bi ita ce wadda ake kira FDTD: a yanyanka sarari zuwa ƙananan gidaje masu girma ɗaya kamar raga, a yanyanka lokaci zuwa ƙananan taku, sannan a bi dokokin Maxwell, waɗanda suke tsara tafiyar haske, taku bayan taku. Ana ba ta umarni da Python, ko Scheme, ko C++. Abin da wannan sharhi ya duba shi ne dacewarta da aiki guda: matse haske a jikin ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, inda elektron ɗin da ke yawo cikin zinariya ko azurfa suke kaɗawa tare da haske, su tara ƙarfinsa a wurin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tsawon igiyarsa ba. Wannan kaɗawar ce ake kira filazmon.

Hukuncin shi ne: ga ƙwayar da faɗinta ya haura nanomita 10 (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita), da tazarar da ta haura nanomita 2 tsakanin ƙarfe biyu, Meep tana bayar da amsar da za a iya tsayawa a kai, muddin an kula da bayanan ƙarfen da girman ragar. Ƙasa da haka kuwa, ba za ta ƙi yin lissafi ba, za ta fitar da zane mai kyan gani, amma zanen ya riga ya rabu da abin da ake aunawa a ɗakin gwaji. Dalilin yana cikin yadda take ɗaukar elektron, kuma a nan ya kamata mai son amfani da ita ya fi daɗewa.

Girkawa ba ta da wahala. A Linux ko macOS, umarnin `conda create -n mp -c conda-forge pymeep pymeep-extras` ya wadatar. Mai Windows sai ya bi ta WSL, wato Linux da ke gudana a cikin Windows. Akwai sigar MPI a wuri ɗaya, ga mai son raba aiki a kan injina da yawa, kuma aikin ƙarfe mai fuska uku kusan kullum yana buƙatarta. Ba kuɗin lasisi, ba kuɗin shekara. Ga sashen kimiyyar lissafi da ke da ɗalibai amma ba shi da kasafin sayen manhajojin kuɗi irin su Lumerical ko COMSOL, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tuntuɓen farko yana wurin ma'auni. Meep ba ta san mita ko daƙiƙa ba. Mai aiki ne yake zaɓar tsawo guda ya kira shi 1, saurin haske ma 1 ne, sauran duka daga nan suke fitowa. Ma'ajin ƙarafan da ke zuwa da ita, `meep.materials`, an rubuta shi a kan cewa tsawon nan maikromita 1 ne, wato nanomita 1,000. Wanda ya ga ƙwayarsa nanomita 40 ce, ya yanke cewa 1 ɗinsa nanomita ce, ya rubuta radiyos 20, sannan ya ɗauko `Au`, wato zinariya, daga ma'ajin ba tare da gyara `um_scale` ba, to ƙwallon zinariya mai faɗin maikromita 40 ya lissafa. Mafi sauƙi a bar ma'aunin a maikromita: radiyos 0.02, `resolution=1000` idan ana son gida ɗaya ya zama nanomita 1. Haka kuma lambar kaɗawar da Meep take karɓa f ce, ba ω (wato 2πf) ba. Idan adadin yana cikin eV, ma'aunin makamashin haske, a raba shi da 1.23984, shi ke nan: 9.03 eV ya zama 7.28. Wanda ya cusa 2π a wurin zai ga ƙololuwarsa, wato launin da ƙwayar ta fi amsawa, ta ɓace daga inda yake nemanta.

Sai ƙarfen kansa. Hanyar FDTD ba ta cin jadawalin awo kai tsaye, domin tana aiki da lokaci ne, jadawalin kuwa an jera shi bisa launin haske. Dole a mayar da shi tsarin lissafi, kuma abin da Meep take bayarwa shi ne tsarin Drude haɗe da sassan Lorentz. Paul Drude ya kawo nasa a 1900: elektron suna yawo a sake, filin lantarki yana tura su, karo yana rage musu gudu. Lamba biyu ke riƙe da shi. A zinariya, kaɗawar filazma tana wajen 9 eV, lafawar kuwa wajen 0.07 eV, wato elektron yana yin kusan femtodaƙiƙa 10 (femtodaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin miliyan biliyan na daƙiƙa) kafin ya yi karo.

Drude shi kaɗai bai isa zinariya a hasken da ido ke gani ba, kuma lissafin bayan takarda yana nuna hakan. Ƙaramin ƙwallo yana amsawa ne a inda ε na ƙarfen, lambar da ke nuna yadda abu yake amsa filin lantarki, ya kai −2 sau ε na abin da ke kewaye da shi. A ruwa ε 1.77 ne, don haka ana neman −3.54. Idan aka sa Drude tsura da ε∞ = 1 (ε∞ shi ne ɓangaren ε da ba ya sauyawa da launi), amsar tana faɗawa wajen 4.2 eV, kusan nanomita 295. A zahiri ƙwayar zinariya mai nanomita 20 a ruwa tana amsawa wajen nanomita 520, shi ya sa ruwanta yake ja. Giɓin nan aikin elektron ɗin ɓangaren d ne, wato waɗanda suke ɗaure a atam, suke fara tsallakawa zuwa matakin sama sosai daga wajen 2.4 eV. Akan yi dabarar ɗaga ε∞ zuwa kusan 9.8, sai ƙololuwar ta dawo wajen nanomita 500, amma takan fito siririya fiye da kima, domin asarar da tsallakawar take jawowa ba ta shiga lissafi ba. A azurfa tsallakawar ba ta farawa sai wajen 3.8 eV, don haka Drude ya fi yi mata adalci.

`Au` da `Ag` (azurfa) na ma'ajin Meep an ɗauko su ne daga daidaitawar Rakić da abokan aikinsa ta 1998: sashen Drude ɗaya da sassan Lorentz biyar. Zinariyar tana aiki daga kusan maikromita 0.25 zuwa 6.2. Faɗin nan alheri ne ga mai aiki da hasken da ya wuce ja, amma a tsakanin nanomita 500 da 700 lambobinta ba su zo daidai da awon Johnson da Christy na 1972 ba, wanda shi ne yawancin takardun fagen suke dogara da shi. Akwai `Au_JC_visible` domin wannan. Kafin a kunna komai, a kira `Au.epsilon(f)` a kan launukan da za a yi aiki da su, a zana shi kusa da jadawalin da ake son kwatantawa da shi. Minti biyar ne, kuma yana raba gardamar da kan biyo baya a kan ko raga ce ta karkatar da ƙololuwa ko bayanan ƙarfe. A azurfa abin ya fi tsanani: asarar da ke jadawalin Johnson da Christy ta yi ƙasa da ta jadawalin Palik nesa ba kusa ba, kuma ƙarfin filin da za a samu yana iya bambanta matuƙa bisa wanda aka zaɓa. Wannan ba laifin Meep ba ne, amma ba za ta yi gargaɗi ba.

Babban raunin manhajar a wannan aiki shi ne ragarta. Gidajen duk girmansu ɗaya ne, daga tsakiyar ƙwaya har bakin akwati. Ba a iya tsananta ta a wurin tazara a sassauta ta a fili, kamar yadda Lumerical da COMSOL suke yi. Abin da ya sa Meep ta yi suna a aikin gilashi da silikon shi ne dabararta ta sulɓe iyaka: gidan da iyaka ta ratsa, sai a ba shi matsakaicin ε da aka auna da kyau, kuskure ya ragu da sauri yayin da ake ƙara raga. Dabarar nan tana taɓa ε∞ ne kawai. Sassan Drude da Lorentz, waɗanda su ne ƙarfen, ba a sulɓe su. Gida ko dai ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba. Ƙwallo sai ya fito kamar rijiyar da aka gina da bulo, kowace kusurwa a tsaye. Kusurwar ƙarfe kuwa tana tara filin lantarki da gaske, don haka kowane taki na wannan matattakala yakan zama ɗan wurin zafi na ƙarya. A zanen shaƙar haske ana ganinsu a matsayin ƙananan ƙololuwa ko kafaɗa a gefen ja na babbar ƙololuwa. Zinariya takan ɓoye su saboda asararta, azurfa takan tona su. Alamar gane su ɗaya ce: a canza `resolution` daga 1000 zuwa 1300, ƙololuwar gaske za ta ɗan motsa kaɗan, ta ƙarya za ta yi tsalle ko ta ɓace. Kuskuren ba ya raguwa a jere, yana hawa yana sauka, don haka raga biyu ba su isa hujja ba, a yi uku ko huɗu. Yana da kyau a gwada `eps_averaging=False` ma, tunda sulɓe rabin abu a bar rabi ba kullum yake taimako ba.

Ga abin da ragar take ci. A gida mai nanomita 1, da lambar Courant (mai daidaita takun lokaci da girman gida) ta asali 0.5, takun lokaci ɗaya attodaƙiƙa 1.67 ne, attodaƙiƙa kuwa kashi ɗaya ce cikin dubu na femtodaƙiƙa. Femtodaƙiƙa 100, wadda ta ishi filazmon ya mutu, taku 60,000 ke nan. Akwatin kuma ba ƙwayar ce take yanke girmansa ba, bangon PML mai shanye haske ne, wanda ake so kaurinsa ya kai kusan rabin igiya mafi tsawo. Ga nanomita 800, nanomita 400 ke nan a kowane gefe. Ƙwayar nanomita 40 sai ta tsinci kanta a akwatin maikromita 1, mai gida biliyan 1, wanda zai nemi ƙwaƙwalwa fiye da gigabait 100. Kowane sashen Lorentz kuma yana ƙara nasa nauyin. Idan aka raba girman gida biyu, ƙwaƙwalwa ta ninka sau 8, lokaci sau 16.

Akwai hanyoyin rage wannan, kuma a nan Meep ta cancanci yabo. `mp.Mirror` biyu, ɗaya daidai da filin lantarki ɗaya daidai da na maganaɗisu, suna rage aikin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, sai dai a kula da `phase`, domin alamar da ba daidai ba takan soke hasken gaba ɗaya ko ta ba da amsar wani lissafi daban. Ana iya rage kaurin PML, in dai filin da ke manne da ƙwayar ya riga ya mutu kafin ya isa bangon. Mafi girma duka shi ne `mp.CYLINDRICAL`. Duk abin da yake zagayayye a kan sanda ɗaya, ƙwallo ne, sanda ce, ƙwallo biyu a jere, ko ƙwallo a kan faranti, yana komawa lissafin fuska biyu. Hasken da ya zo ta kan sandar yana buƙatar m = 1 ko −1 kawai, inda m take nuna yadda filin yake sauyawa kewaye da sandar. Ga ƙwallo biyu, kaɗawar da take tara haske a tazara tana da m = 0, kuma ana tayar da ita da ɗigon tushen `Ez`, filin lantarkin da ke bin tsawon sandar, a kan sandar. A wannan tsari gida mai nanomita 0.25 a akwatin maikromita 0.5 da 1 gida miliyan 8 ne kacal, abin da kwamfutar tebur mai kyau za ta iya ɗauka. Wanda abinsa zagayayye ne amma ya nace sai fuska uku, wutar lantarki kawai yake ƙonawa.

Auna warwatsuwa sai an kunna sau biyu. A karon farko akwati babu ƙwaya, a kewaye wurinta da fuskokin `add_flux` shida, a adana abin da suka gani da `get_flux_data`. A karo na biyu a sa ƙwayar, a cire na farko da `load_minus_flux_data`, abin da ya rage shi ne hasken da ta warwatsa. Shaƙa kuwa ba a cire komai: jimillar abin da ya shiga rufaffen akwati bai fito ba. Tushen hasken da ya shiga cikin PML yana son `is_integrated=True`. Sannan a gwada komai da ƙwallo guda, a kwatanta da amsar Gustav Mie ta 1908, wadda manhajojin PyMieScatt ko miepython suke bayarwa nan take. A ciyar da su ε ɗin da `epsilon(f)` ta fitar, ba wani jadawali ba, domin ragar ake gwadawa. Idan ƙwallo bai zo daidai ba, babu dalilin yarda da siffar da ta fi shi wuya.

Wani lokaci lissafin yakan tsaya da saƙon cewa filaye sun zama NaN ko Inf, wato lambobin sun fashe. Da ƙarfe, dalili biyu ne suka fi yawa. Na farko, ƙarfe ya shiga cikin PML, kamar farantin zinariya da ya ratsa akwati daga gefe zuwa gefe. Maganinsa a musanya PML da `mp.Absorber` a wannan gefen, a ƙara masa kauri, domin bai kai PML iya shanyewa ba. Na biyu, sashen Lorentz mai saurin kaɗawa ya fi ƙarfin takun lokaci. `Ag` tana da sashe a 20.29 eV, `Au` a 13.32 eV. Wanda ya sauke `resolution` zuwa 20 domin ya duba tsarinsa da sauri zai iya ganin fashewa, ya ɗauka siffarsa ce ba daidai ba. A ɗaga raga ko a sauke `Courant`.

Duk abin da ya gabata matsalar lissafi ce, haƙuri da inji mai ƙarfi suna maganinta. Wadda ke tafe ba sa maganinta.

Tsarin Drude da Lorentz yana ɗauka cewa motsin elektron a wani ɗigo ya dogara ne kawai da filin da ke wannan ɗigon, kuma cajin da ya taru a fatar ƙarfe ba shi da kauri ko kaɗan. A babban ƙarfe wannan zato ba ya cutarwa. Amma elektron a zinariya yana gudun kusan mita miliyan 1.4 a daƙiƙa, yana kuma tafiyar fiye da nanomita 10 kafin ya yi karo. A ƙwayar nanomita 10, bango zai riƙa bugawa tun kafin karon ya zo. Wannan ɓangaren ana iya cusa shi a Meep da hannu, ta gyaran da aka fi sani da sunan Kreibig: a ƙara A·vF/R a kan lafawar Drude, inda vF gudun nan na elektron ne, R radiyos ɗin ƙwaya, A kuma tana kusa da 1. ħvF ya kai 0.92 eV·nm, don haka radiyos na nanomita 5 yana ƙara 0.18 eV, fiye da ninki uku na 0.053 eV da ke cikin `Au`. A kwafi ƙarfen daga ma'aji, a ƙara 0.18/1.23984 a kan `gamma` na `DrudeSusceptibility`, a bar sauran. Ƙololuwa za ta faɗaɗa ta sauko, kamar yadda ake gani a awo.

Kaurin cajin fata shi ne abin da ba shi da mashiga. Elektron ba sa yarda a cunkushe su wuri ɗaya, suna da matsin kansu, kuma tsarin da ya ɗauke su a matsayin ruwa mai matsi yana ƙara sashe mai β, inda β² = (3/5)vF². Kaurin da wannan yake bayarwa, β/ωp (ωp ita ce kaɗawar filazma), kusan nanomita 0.1 ne. A tazarar nanomita 10 ba a jin sa. A tazarar nanomita 1, kashi goma cikin ɗari ne daga kowane gefe. Tsarin da Meep take bi yana cewa yayin da tazara take rufewa, ƙarfin filin zai yi ta hawa ba iyaka, ƙololuwa ta yi ta gangarawa ja. A 2012 rukunin David R. Smith na jami'ar Duke, tare da John Pendry, suka ɗora ƙwayoyin zinariya a kan farantin zinariya da tazarar da ta sauka ƙasa da nanomita 1, suka ga gangarawar ta gaza abin da tsarin ya yi hasashe. A shekarar dai, rukunin Jeremy Baumberg a Kambirij ya nuna cewa wajen nanomita 0.3 elektron suna fara ratsa tazarar, yanayin kaɗawar ya sauya baki ɗaya. Meep ba ta da sashen β, ba ta da ratsawa, ba ta da malalar elektron zuwa wajen fata. Kuma malalar ba ƙaramin gyara ba ce da za a yi wa kintace: a sodiyam tana tura ƙololuwar ƙananan ƙwayoyi zuwa ja, a azurfa kuwa abin da ake gani turawa ce zuwa shuɗi. Lambobin d na Feibelman, na 1982, su ne suke riƙe wannan bambanci a matsayin sharaɗin iyaka, kuma Meep ba ta da wurin sa su.

Haɗarin shi ne a tsarin silinda ana iya kai raga nanomita 0.1, a ga amsa ta daina motsi, a ɗauka an isa. An isa amsar tsarin Drude ne. Duk adadin ƙarfin fili da aka samo daga Meep a tazarar nanomita 1 ko ƙasa, a rubuta shi a matsayin iyakar sama, a faɗi haka a fili.

Ana iya yin dabara. Akwai hanyar lulluɓe ƙarfe da siririn rufi na ƙirƙira wanda yake kwaikwayon kaurin cajin, akwai kuma ta cika tazara da ƙarfen ƙirƙira mai lafawar da take sauyawa da faɗin tazarar, domin kwaikwayon ratsawa. Dukansu ana iya gina su da sassan Drude da Lorentz, amma rufin da kaurinsa bai wuce gida ɗaya ko biyu ba, a ragar da ba ta sulɓe ƙarfe, kuskurensa yana iya kai girman abin da ake son aunawa. Ba na ba da shawarar su a Meep sai don koyarwa.

Ga ƙwaya ɗaya ko biyu a cikin ruwa ko a kan faranti, MNPBEM ta Ulrich Hohenester da Andreas Trügler na jami'ar Graz a Ostiriya ta fi dacewa: fatar ƙwaya kawai take yanyankawa, tana cin jadawalin Johnson da Christy kai tsaye, babu matattakala, babu PML, sai dai tana buƙatar MATLAB. Mai son sashen β da gaske yawanci COMSOL yake komawa, ya rubuta dokar da hannunsa. Mai son elektron ɗaya-ɗaya sai hanyar lissafin kwantam ta TDDFT da manhajar Octopus ko GPAW, amma zinariya tana da atam 59 a kowace nanomita mai fuska uku: ƙwallon nanomita 2 atam 250 ne, wanda za a iya ɗauka, na nanomita 20 kuwa 250,000 ne. Meep ta fi su a inda ƙarfe yake haɗe da wani babban tsari: jerin ramuka masu maimaituwa da `k_point`, hanyar haske ta silikon da ƙarfe a gefenta, ko inda ake son launuka ɗari daga kunnawa ɗaya. A irin wannan aiki, a daidaita ƙarfen da sashen Drude ɗaya da Lorentz biyu a kan launukan da ake buƙata kawai, maimakon ɗaukar sassa shida na Rakić. Ƙwaƙwalwa za ta ragu, sashen nan mai 13.32 eV da ke jawo fashewa ya fita, kuma daidaiton a tsakanin nanomita 500 da 900 yakan fi na ma'ajin.